Ƙoƙon Atilio

Ran da nas Yanet ta tara mu a ɗakin cin abinci ta ce daga yau kowa ya sha mate, shayin ganyen nan da muke zuƙa da bututu muna miƙa wa juna, a ƙoƙonsa, ni kaɗai na tafa mata. Mu ashirin da uku ne a gidan tsofaffi na Los Aromos da ke bakin garin Durazno, kuma ashirin da biyu suka juyo suna kallona kamar na yi guɗa a gidan makoki. Ko a jikina. Shekarata saba'in da tara, na daɗe da daina neman wani ya so ni.

Watan Afrilu ne, farkon hunturu a ƙasarmu, sanyi ya fara leƙowa, lokacin da mura mai zafi take fara zagaya gari. Yanet ta karanto mana dokokinta daga takarda. Ranar Alhamis za a yi wa kowa allurar rigakafi. Za a wanke hannu kafin abinci da bayansa. Baƙon da yake tari ya zauna a gidansa, wanda ya zo kuma ya sa takunkumi. Duk wanda ya ji jikinsa ya yi zafi ya faɗa nan take, a kai shi ɗakin baya ya yi kwana bakwai shi kaɗai. Duk wannan an karɓa da 'yan gunaguni. Sai da ta ɗora kwali a kan tebur ta fara fito da sababbin ƙoƙuna, kowanne da bututunsa na ƙarfe da sunan mai shi da jan fenti, sannan ɗakin ya ɗauki hayaniya.

Atilio Bentancor, wanda ake ce wa Don Atilio saboda girmamawa, shi ne ya miƙe, dogo, siriri, filas ɗinsa na ruwan zafi a hammata kamar da shi aka haife shi.

"'Yar nan, ki yi mini allura goma in kina so, hannu da ɗuwawu," in ji shi. "Amma mutum ya zuba mate ya shanye shi kaɗai, abokinsa na zaune yana kallo? Ko kare ba a yi wa haka."

"Don Atilio, bakin mutum shida a kan bututu ɗaya," in ji Yanet. "Idan ɗaya yana da ita, kun gama rabawa kafin ruwan ya huce."

"Shekara sittin muna sha, ga mu nan."

"Ga ku nan, ku da kuka rage," na ce daga inda nake zaune. "Ƙirga mana waɗanda ba sa nan."

Mijina Heber ya taɓa mini gwiwa, alamar in yi shiru. Na ture hannunsa. Saboda shi nake maganar. Heber shekararsa tamanin da huɗu, ya yi rabin ransa yana askin tumaki a rumfuna masu ƙura, ya yi sauran rabin yana shan taba a ɓoye. Bara likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa a gaban fitila ya nuna mini da biro, ya ce abin da ya rage na huhun bai fi tafin hannu ba, mura mai zafi guda ɗaya ta isa ta tafi da shi. Dalilin da ya sa muka bar gidanmu muka dawo Los Aromos ke nan, inda akwai tukunyar iskar numfashi a gefen gado da nas a kusa. Ban bar lambuna da kajina don wani tsoho mai taurin kai ya kashe mini miji da ƙoƙo ba.

Matsalar ita ce wannan tsohon mai taurin kai shi ne aminin Heber. Tun suna 'yan shekara ashirin suke bin gonaki tare a lokacin aski, Atilio na zuba mate, Heber na karɓa. Kullum ƙarfe huɗu na yamma suna kan benci a ƙarƙashin bishiyar lemo ta bayan gida, ƙoƙo na kai da kawo, ba sa ko magana. A watan Fabrairu matar Atilio, Elbia, ta rasu. Tun daga ranar, ƙarfe huɗun nan ne kaɗai abin da yake tashinsa daga gado. Na san wannan sarai, kuma na ji tausayinsa, amma tausayi ba ya gyara huhu.

Da muka koma ɗaki na zaunar da Heber a bakin gado na tsaya a kansa.

"Ka ji abin da yarinyar nan ta ce."

"Na ji, Nélida."

"Ka rantse mini ba za ka sa bakinka a bututun Atilio ba har sanyi ya wuce."

"Mutumin nan matarsa ta mutu. In ya miƙo mini in ce masa me? Bakinka da datti?"

"Ka ce masa matarka mahaukaciya ce, zai yarda."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na tsaya ina bubbuga bayansa ina zaginsa. Bai rantse ba. Ya ce dai to, irin to ɗin da ya yi shekara hamsin da shida yana ce mini kafin ya je ya yi abin da ya ga dama. Na karɓo ƙaramar kwalbar man kashe ƙwayoyin cuta daga wurin Yanet na cusa a aljihun rigarsa ta sanyi, duk da na san a nan za ta zauna a cike har ta bushe.

Daga nan na zama 'yar sandan gidan. Aka yi allura, na bi layi ina duba wanda ya zame. Wata tsohuwa ta ɓuya a banɗaki, na kai Yanet har bakin ƙofar. Wanda ya yi atishawa bai rufe baki ba sai ya ji ta bakina. Suka sa mini suna Kofur, suna faɗa a bayan idona, ni kuwa sunan ya yi mini daɗi. Da ƙarfe huɗu nakan leƙa ta tagar wurin wanki, in ga mutanen biyu a kan benci kowa da nasa ƙoƙon mai jan fenti, fuskokinsu a murtuke kamar yaran da aka hana fita. Sati biyu ina leƙe, sannan ƙafata ta fara ciwo na rage zuwa.

Afrilu ya wuce, Mayu ya wuce, ba wanda ya kwanta. Yanet ta ce a wani gidan tsofaffi da ke can hanyar Montevideo an yi rashin mutum huɗu a sati ɗaya, mu kuwa shiru. Har na fara ji kamar ni na tsare gidan da hannuna.

Ranar Lahadi ta biyu a watan Yuni 'yar Atilio, Mirta, ta zo ziyara. Mace mai shekara hamsin da wani abu, mai aiki a ofis, wadda ya kamata a ce ta san ciwon kanta. Yanet tana hutu ranar. Mai tsaron ƙofa ta ba ta takunkumi, ta sa, tana shigowa falo ta ja shi ƙasan haɓa kamar abin ado. Idanunta sun yi ja, tana jan hanci.

"Mirta, mura kike yi," na ce.

"A'a, Doña Nélida, ƙurar mota ce kawai. Kin san ni da hancina."

"Ban san ki da hancinki ba. Mayar da abin nan bakinki."

Ta yi 'yar dariya ta mayar, ta ja babanta suka shiga ɗakinsa suka rufe ƙofa. Ba sai an gaya mini abin da aka yi a ciki ba. Uba da 'ya, wata huɗu da mutuwar uwa, ga filas ga ƙoƙo. Har yau in na tuna fuskar matar nan da takunkumi a haɓa sai in ji hannuna yana ƙaiƙayi.

Ranar Talata aka wuni ana yayyafi, masu girki suka soya torta frita, 'yar gurasar fulawa, kamar yadda ake yi duk ranar ruwa, ƙamshin mai ya cika gidan. Wajen ƙarfe huɗu ruwan ya tsaya. Na naɗe guda biyu a takarda zan kai wa Heber, na bi ta bayan wurin wanki ina jan ƙafa. Ina shan kwana na gan su.

Ba ƙoƙo mai jan fenti ba ne. Tsohon ƙoƙon Atilio ne, baƙi, mai bakin azurfa, wanda Elbia ta saya masa ran aurensu. Yana hannun Heber. Ya riƙe shi da hannu biyu a gaban ƙirjinsa, cike, tururi na tashi, bututun na kallon bakinsa. Atilio na gefe yana goge hanci da bayan hannu.

Ban san lokacin da na yar da takardar ba. Ni da nake jan ƙafa, sai ga ni a gabansu. Na fizge ƙoƙon har ruwan zafi ya zubo mini a yatsu.

"Munafukai," na ce. "Wata biyu kuna yi mini wasan yara da ƙoƙon fenti."

"Nélida, tsaya ki ji," in ji Heber.

"Ba zan ji ba. Kai kuma, Atilio, dube ka, hancinka na zuba kamar famfo. Ka binne taka, yanzu nawa kake so in binne?"

Bai kamata in faɗi haka ba, amma na faɗa. Fuskar Atilio ta yi fari fat. Ya miƙe tsaye a hankali, ya cire hularsa.

"Doña Nélida, ba a taɓa mayar mini da mate a cike ba," in ji shi. "In kin ga bakina ƙazanta ne, ki zubar a ƙasa. Ga ƙasar nan."

To, a nan ne na yi abin da na yi. Ƙoƙo na hannuna, an riga an zuba. A gidanmu, mate da aka zuba aka miƙa ba a zubar da shi, ba a goge bakin bututu, ba a mayar da shi yadda ya zo. Uwata ta taɓa marina a gaban baƙi don kawai na goge bututu da gefen riga, ina 'yar shekara tara. Kuma wannan ƙoƙon Elbia ne, matar da ta riƙe mini hannu ran da na haifi Graciela. Ga mijinta tsaye da hula a hannu, na gama yankarsa da magana. Zuciyata na tafasa, hannuna kuwa ya ƙi juyawa ƙasa. Na kai bututun baki na zuƙe shi tas, har ya yi ƙarar nan ta ƙarshe, na dangwara masa a hannu.

"Ga shi nan, an sha," na ce. "Daga yau in na sake ganin ƙoƙon nan kusa da mijina, a rijiya za ka same shi."

Na ja Heber muka koma ciki. A hanya ya sake cewa, "Nélida, bari in gaya miki," na ce idan ya ƙara buɗe baki zan bar masa ɗakin. Ya san ni, ya yi shiru.

Washegari Atilio ya tashi da zazzaɓi, aka kai shi ɗakin baya. Aka gwada shi, aka ce ita ce. Yanet ta bi ɗaki ɗaki da littafinta, fuskarta a rufe, tana tambayar wanda ya zauna da shi da wanda ya sha abu ɗaya da shi. Ta ce wanda ya sha, akwai maganin da za a fara ba shi tun yanzu, kuma za a raba shi da sauran mutane na 'yan kwanaki. Da ta zo kanmu na riga Heber magana.

"Sun zauna a benci, a waje," na ce. "Shi ke nan."

"Ba wanda ya sha a ƙoƙonsa?"

"Kin manta da wa kike magana? Ni ce Kofur."

Ta yi murmushi ta rubuta, ta gwada zafin jikin Heber, ta wuce. Heber ya dube ni, na harare shi. A raina na ce ina rufa masa asiri ne, don in aka kai shi ɗakin baya shi kaɗai ba zai ci abinci ba, hannunsa na rawa, ni nake ba shi a baki. Nawa kurɓin kuwa ban ma lissafa shi ba. Sau ɗaya ne, kuma ni ƙarfe ce, rabona da kwanciya tun haihuwar Graciela. Gaskiyar da ban so in kalla ba ita ce kunya. Matar da ta kai nas har ƙofar banɗaki ba za ta buɗe baki ta ce ita ta fara karya doka ba.

Ranar Alhamis na ji maƙogwarona yana kartawa. Na ce sanyi ne. Ranar Juma'a na tashi gaɓoɓina kamar an daka ni, na haɗiyi ƙwayar ciwon kai biyu daga cikin jakata kafin Yanet ta zo da ma'aunin zafi, ya nuna lafiya lau. Duk kwanakin nan gaba nake yi da Heber. Ina wanke masa fuska, ina sa masa safa, ina ɗebo miya a cokali in hura masa ta huce in kai bakinsa, amma ko kallonsa ba na yi. Da ya ce, "Tsohuwa, har yanzu?" sai in tura masa cokali. Sau uku a rana ina hura masa miya da bakin nan nawa.

Ranar Asabar tari ya tona ni a ɗakin cin abinci. Yanet ta ɗora hannu a goshina, ta kama ni muka nufi ɗakunan baya. Na waiwaya na ga Heber zaune da tsumma a wuya, cokali a gabansa, yana bina da ido. Ko sai an jima ban ce masa ba, don har lokacin ina kan fushina.

Ranar Lahadi zazzaɓi ya kama shi. Ranar Litinin da safe na ji motar asibiti ta tsaya a tsakar gida. Tagar ɗakin da aka ajiye ni tana kallon ƙofar fita, na manna fuskata a gilashi na ga an turo shi a kan gado, an rufe masa hanci da baki da robar iska. Na buga gilashin da tafin hannu har ya yi ja. Bai ji ba, ko ya ji bai iya juyowa ba. Ranar Juma'a da hantsi Yanet ta shigo sanye da rigar leda, ta zauna a bakin gadona ta kama hannuna da safar roba, na gane tun kafin ta yi magana.

Ni murar ta yi mini kwana biyar ta tafi. Yanet ta ce allurar ce ta sassauta mana, ni da Atilio da wasu biyu da suka kamu. Heber ma an yi masa, amma allura ba ta mayar da huhun da babu. Mutum ɗaya kawai gidan ya rasa a sanyin nan, kuma nawa ne.

A wurin binnewa 'yata Graciela ta ga Atilio tsaye can nesa da takunkumi, ta nufe shi. Ni na ba ta labarin benci da baƙin ƙoƙo ta waya, sai dai ban kai mata labarin ƙarshe ba.

"Baba Atilio, me ka zo yi?" in ji ta. "Kai da 'yarka kun gama aikinku. An ce kowa ya sha nasa, ka ce kai ba a yi maka doka. To ga shi can, je ka miƙa masa."

Atilio ya dube ni ta saman kafaɗarta, na kawar da kai. Ya juya ya tafi yana dogara sandarsa, na bar shi ya tafi da maganar.

Sati uku na yi ina jin haushin kowa. Haushin Mirta da hancinta. Haushin mai tsaron ƙofa da ta ga idanun matar nan ta bar ta ta shiga. Haushin Yanet da ta zaɓi ranar ta yi hutu. Fiye da kowa, haushin Heber, wanda na roƙe shi abu ɗaya tak a duniya ya ƙi. Nakan zauna in kalli gadonsa da aka yaye in yi ta yi masa faɗa a fili, har maƙwabciyata ta kai ƙara cewa Kofur ta fara taɓuwa. Jakar kayansa da aka dawo da ita daga asibiti tana ƙarƙashin gado, ban buɗe ba.

Wata yamma rana ta ɗan fito, na fita bayan gida don in daina jin warin ɗakin. Ban duba agogo ba. Atilio na kan benci shi kaɗai, ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ƙoƙo mai jan fenti a hannunsa. Na juya zan koma.

"Doña Nélida, zauna," in ji shi. "Ba zan miƙo miki komai ba."

Na zauna a can ƙarshen bencin. 

"Abin da 'yarki ta faɗa, na ɗauka," in ji shi. "Na sha da Mirta, na san tana tari. Na ji jikina ranar Talata na ɓoye, don ina tsoron ɗakin baya. Wannan nawa ne, zan tafi da shi. Amma abu ɗaya ba zan bari ki ɗora wa mamaci ba. Heber bai sha ba."

"Da idona na gani."

"Me kika gani? Kin ga bututu a bakinsa?"

Ban gani ba.

"Tun ran da aka raba ƙoƙunan nan ya zo ya same ni a nan," in ji Atilio. "Ya ce, ɗan'uwa, matar nan za ta kashe ni kafin mura ta kashe ni, kuma tana da gaskiya. Na yi fushi, kwana uku ban kula shi ba. Daga baya shi ya kawo dabara. Ya ce in zuba kamar kullum in miƙo masa, zai riƙe ya ɗumama hannu, ya ƙirga ashirin, ya mayar mini in shanye a madadinsa. Ya ce haka ba a mayar mini ba, ajiya na ba shi. Wata biyu haka muke yi. Yana mayar mini sai ya zaro 'yar kwalbar nan ya shafe hannu har wuyan hannu, kamar likita zai yi fiɗa, ina yi masa dariya. Ranar da kika zo, yana kan ƙirga ne."

"Me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Sau nawa ya ce ki tsaya ki ji?"

Na tashi na koma ɗaki.  Na durƙusa na jawo jakar, na zazzage ta a kan gadon da babu zani. Tabarau, agogo, silifas, rigar sanyi mai ruwan toka. Na sa hannu a aljihun dama. Kwalbar tana nan, saura ɗan abin da bai kai cokali ba a gindinta, takardar jikinta ta goge saboda yawan riƙo.

Na zauna a ƙasa da ita a hannu na yi lissafin da na yi sati uku ina guje wa. Atilio ranar Laraba. Ni ranar Alhamis. Heber sai ranar Lahadi, bayan kwana uku ina hura masa miya. Na so in yi kuka, abin da ya zo mini sai wani sabon fushi, na rasa wanda zan jefa da shi. Shekara hamsin da shida mutumin nan bai taɓa jin maganata ba, sai wannan karon, kuma na hana shi ya gaya mini.

Na sami Yanet a ɗan ofishinta tana jera magunguna. Na ce ta ɗauko littafinta ta buɗe shafin ranar Laraba. Na gaya mata komai, har ƙwayoyin ciwon kai. Ta ajiye abin da ke hannunta ta daɗe tana kallona, na ga ranta ya ɓaci, kuma na so ta zage ni.

"Doña Nélida, ba wanda zai iya rantsewa ta ina ta shiga," in ji ta. "Sun zauna kusa da juna a benci. Zai yiwu tun can ne."

"Da na faɗa miki ranar Laraba, me za ki yi?"

Ba ta son amsawa. Na ce ta amsa, ni ba yarinya ba ce.

"Da na raba ku ɗaki a ranar," in ji ta. "Da na fara ba ku magani ku biyun."

"To rubuta. Inda kika sa ba kowa, ki soke ki sa Nélida Techera."

Ta rubuta, na tsaya a kanta har na ga sunana da idona. Sannan na ce ta ara mini wayarta, don tawa lambobinta sun yi mini ƙanana. Ta danna ta miƙo mini, ta fita ta ja ƙofa. Sai da ta yi ƙara sau huɗu aka ɗauka.

"Mama? Lafiya?"

"Graciela, nemi wuri ki zauna," na ce. "Kada ki katse ni har in gama. Ranar Lahadi za ki zo ki ba Baba Atilio haƙuri. Babanki bai sha a ƙoƙon nan ba. Ni na sha."